Fitilar Ya Falmata da Nisan Taurari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da mai duba makarantu, Mista Mshelia, ya zo ganin darasina ba. Lokacin ina sabon malamin kimiyya a Mafoni, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kuma rahotonsa ne zai sa a tabbatar da ni a aiki ko a sallame ni. Maimakon in koyar da sassan fure kamar mai hankali, sai na ɗauko yadda ake auna saurin faɗaɗar sararin samaniya (ƙuruciya ce, a yi mini uzuri).

Dabarar masana ita ce, akwai taurarin da aka san ainihin ƙarfin haskensu, saboda haka dusashewarsu ce ke nuna nisansu. In an san nisan, an kuma san saurin da suke ja da baya, lissafi ya fito. Na tanadi fitilun ƙwai uku, biyu nawa, ta ukun na aro wurin Ya Falmata, matar mai gidan da nake zaune a Gwange. Kowacce na sa ta a kwali mai ɗan huji. Aka toshe tagogin babban ɗakin taro da barguna, na juya baya, hedimasta ya jera su yadda ya ga dama.

Na juyo, na ƙura ido, na nuna mafi dusashewa cikin isa da taƙama. "Waccan ce mafi nisa. Tana can ƙurya."

Aka yaye barguna. Ga ta a gabana, taku uku. Ɗaliban ajin suka kwashe da dariya.

Mista Mshelia ya buɗe kwalin ya sunsuna. "Malam, wannan daga ɗakin 'yar Borno ta fito." Ashe hayaƙin turaren wuta ne ya dafe ƙwan fitilar Ya Falmata, ni kuma ban duba ba.

Tsoron sallama ya buɗe mini baki. "Ranka ya daɗe, ai irin kuskuren da masana suka yi ke nan shekarun baya. Sun ɗauka taurarin nan iri ɗaya ne, ashe iri biyu ne, dole suka sake awon gaba ɗaya."

A rahotonsa ya rubuta cewa na shirya kuskuren da gangan don ɗalibai su gane, kuma aka tabbatar da ni. Na yi murna ƙwarai, ban kuwa gyara masa ba har yau. Tun daga ranar dai, kafin in auna nisan taurari, nakan fara goge abin da ke gabana.