Garken Cikin Randa

Wani ne nan wajen Tabotaki, fari ya cinye mai shanu sarai, ya bar shi da akuya guda da sandar kiwo. Ran kasuwar Madawa ya tsaya gun Takawa, mai kamiyon, babbar motar kayan da ke zuwa Abijan, ya iske shi yana sai da farin magin nan na miya.

Ya ce, "Takawa, wanga abu haƙo shi ake ko shuka shi?"

Takawa ya ce, "Kiwo ne. Wasu 'yan halittu ne da ido bai gani. A uzin, wato masana'anta, ake tsare su cikin manyan tano, gangunan ƙarfe, a ba su ruwan sukari. Su ci, su hayayyafa, abin da suka fitar shi ake tacewa a shanya."

"Ba su son ciyawa?"

"Ko tsinke."

Mutumin bai koma gida ba sai da ya sai da akuyar. Ya sayi sukari, ya sayi ƙulli guda na magin don iri. Ya juye ruwan randar matatai Cima, ya dama su a ciki, ya rufe da faifai, ya kai inda turken shanu yake da.

Cima ta ce, "Malam, randata fa?"

"Garke ne yanzu. Rage murya, baƙunta suke."

Kwana kaɗan randa ta soma kumfa, tana tsami, tana 'yar ƙara. Ya kara kunne, ya ce haihuwa ake. Ya ja ƙaya ya kewaye saboda kura. A masallaci in an yi zancen kiwo sai ya gyara zama, ya ce shi nashi bana ba su mutu ko guda ba.

Ran Juma'a ya dawo ya iske jakin Jima maƙwabcinsu ya tsallake ƙayar, kai cikin randa, ya shanye tas. Ashe abin ya zama giya. Jaki ya yi taku biyu, ya zauna kamar mutum.

Aka tafi gun maigari. Mutumin ya ce, "Ranka shi daɗe, kullum dabba ke cin gona. Yau jaki ya ci garke."

Maigari ya ce, "Kai nawa ne?"

"Ba su ƙirguwa."

"Wa ya taɓa ganinsu?"

"Ko ni ban gan su ba. Irinsu ke nan."

Jima ya ce shi ma ƙara ya kawo, don jakinsa ya kasa tashi, sai murmushi yake wa mutane.

Maigari ya ce kowa ya riƙe asararsa.

Mutumin ya komo gida, ya zauna tsakar gida da sanda, ya ce, "Cima, ba su mutu ba fa. Suna cikin jakin da ransu, kuma a ƙoshe suke."

Cima ta miƙa mai ƙwarya ta ce, "To bi shi. In ya fitar ka tace ka shanya, amma miyarka daban."