Sharar da Na Yi wa Kwamfutar Nasiru

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka kai ƙanwata Rabi ɗakin miji ba. Har yau in na tuna, sai in ji kamar in ja mayafi in rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, bai ga auren Rabi ba. Amma kafin mu baro Dauran mu dawo Ƙaura da zama, ƙanena Nasiru ya taɓa ɗaukarsa bidiyo da waya a gona. Yana tsaye cikin dawa yana tsokanar Rabi, wai wa zai auri mai kuka in an aike ta rijiya. Daga tsokana ya zarce addu'a, ya yi mata doguwa, ya sa mata albarka. Wayar ta daɗe da mutuwa. Bidiyon ya rage a kwamfutar Nasiru kaɗai, wadda ya bar mini ajiya da ya samu aiki a Gusau. Inna ta ce ranar kai amarya, a daidai inda uba ke yi wa 'yarsa nasiha, a kunna wa Rabi wannan. Abin da ta roƙa ke nan a duk bikin, ko atamfa ba ta nema ba.

Ita kuwa kwamfutar tana da hali. In an kunna ta za ta haska, ka ɗauka ta shirya, ka taɓa ta ƙi motsi. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, tana huci ta gefe. Ina iya ɗora tukunya, in wanke shinkafa, in dawo ban tarar ta farfaɗo ba. In ta warware sai ta yi aiki lafiya lau, to amma batirinta ba ya riƙe caji, balle a kunna ta tun da wuri ta jira mutane. Ga shi Shinkafi za a kai amarya, kuma babu direban da zai yarda rana ta faɗi yana kan hanyar nan. Na kira Nasiru na gaya masa. Ya ce in bar ta, in ya zo zai duba.

Ban bar ta ba. Ni ce fa na ci darasin kwamfuta a sakandare (malaminmu a allo yake zana mana ita, ta gasken tana ofishin shugaban makaranta an lulluɓe ta da ƙyalle). Kuma na san in wayata ta yi nauyi, goge kaya nake yi ta saki. Sai na ce ai duk ɗaya ne, kaya ne suka yi mata yawa.

Ana jibi biki na yi bisimilla na zauna mata. A fuskarta akwai wata 'yar alama da Nasiru ya rubuta wa "Baba", wadda muke dannawa bidiyon ya fito. Wannan ko kusa da ita ban je ba. Na shiga can ciki, na jera kayan daga babba zuwa ƙarami, na ga waɗansu manya masu suna lambobi da haruffa barkatai, ba kai ba gindi. Na ce ga tarkacen. Na kwashe su zuwa kwandon shararta. Kuma da yake ni ba mai barin shara ta kwana ba ce, na zubar da kwandon. Har ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce mata na tabbata. Kafin in gwada aikina aka ɗauke wuta, ta mutu, na rufe ta ina jin daɗin kaina.

Ranar biki bayan la'asar aka shigo da Rabi ɗakin Inna, a lulluɓe. Ɗaki ya cika da gwaggonni da dangin ango, motoci na waje. Nasiru yana can cikin maza tun ɗaurin aure. Na ɗauko kwamfuta da cajin da na roƙa a gidan maƙwabta masu sola, na ajiye a kan tabarma, har ina gaya wa mata su kwantar da hankali, na gyara ta da kaina, yanzu kamar walƙiya take.

Na kunna. Zoben nan ya fara juyawa. Ya juya, ya juya, kamar ban taɓa ta ba. Wani direba ya danna oda a waje. Gwaggo Hassu, ƙanwar Baba, ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "'Yar boko, wagga walƙiya taki da sanda taka tahiya?" Aka yi dariya, ni ma na yi, ina zufa.

Da ƙyar ta warware. Na danna "Baba". Sai wani ɗan akwati ya fito da rubutu, wai ba a samu abin da ake nema ba. Na sake dannawa. Na goge hannuna a zane na sake. Inna ta ce a kira Nasiru.

Ya durƙusa ya yi 'yan danne-danne, sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya tambaye ni a hankali me na goge. Na ce tarkace ne kawai, masu lambobi, ban taɓa Baba ba, ga shi nan ma yana gani.

"Yaya, wannan kwatance ne kawai," in ji shi. "Shi Baban yana cikin waɗanda kinka zubar."

Da Inna ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ni ce 'yar farinta, ba ta kama sunana, ranar ko "ke" ɗin da take kirana da shi ba ta ce ba. Ta juya ga Rabi ta dafa kanta, ta fara maimaita addu'ar Baba daga ka, har da maganar rijiya. A tsakiya muryarta ta karye, Gwaggo Hassu ta ƙarasa da abin da ta iya tunawa. Aka fita da amarya tana kuka. Dangin ango sun ɗauka kukan rabuwa da gida ne.

Washegari Nasiru ya nuna mini ainihin ciwon. Ashe manhajoji ne rututu suke tashi tare da ita duk lokacin da aka kunna, kowace tana jan ta gefenta. Ya shiga wani wuri ya hana su tashi, kafin shayinsa ya huce an gama. Bidiyon kuwa, ya kai kwamfutar wajen masu gyara a Gusau, abin da suka tono ya ƙi buɗewa.

Rabi ta ce ta yafe, Inna ba ta sake tayar da zancen ba, ni kuma ina ta istigfari. Abin da na koya bai da yawa, kuma da tsada na saye shi: in na'ura da kanta ta tsaya ta tambaye ni ko na tabbata, to ta fi ni hankali, in tashi in nemi wanda ya sani. Kwamfutar dai yanzu, masha Allah, kana kunnawa take tashi. Sai dai babu wanda ke da abin kallo a cikinta.