Yadda Za Ka Ɗora wa Hanjinka Laifin Zuciyarka

Idan akwai abin da ke cin ranka, kuma ba ka son kowa ya sani, bi matakan nan. Na ba ka tabbaci, cikin wata biyu za a daina tambayarka me ke damunka, a koma tambayar ko ka samu ka zaga. Na ga aikinsu a jikin yayana, wanda ya shekara ashirin da biyu yana tuƙa motar 'yan makaranta, har ranar da aka gwada idonsa aka karɓi makulli.

1. Ka ce ba komai

Ranar Yaya ya dawo gida, ya rataye hula, ya ce wa matarsa, "Dama na gaji." Ya ci abinci har da ƙari. Kai ma yi haka. Duk abin da ya taso maka zuwa maƙogwaro, haɗiye shi. Kada ka damu da inda zai sauka, ciki wuri ne mai faɗi.

2. Jira ciki ya karɓi aiki

Ba ya ɓata lokaci. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwa da hanji ba sa ɓoye wa juna magana. Kwana biyar Yaya bai zaga ba. Ciki ya kumbura ya yi tauri, maɓallin wando ya ƙi shiga. Wannan ci gaba ne. Yanzu kana da ciwon da za a iya faɗa a gaban baƙi.

3. Nemo mai laifi a kicin

Yaya ya fara da wake, ya koma kan ruwan famfo. Matarsa, wadda muke kira Anti, ta sauya girki sau uku. Kullum ƙarfe bakwai saura kwata, daidai lokacin da motar ke wucewa ta bakin layi da sabon direba, sai cikinsa ya murɗa. Ya ce shayi ne. Ka lura da wannan ƙwarewa.

4. Tara magani

A harkar ciki kowa likita ne. Mai aski ya ba shi gari, maƙwabci ya kawo kwalba ba rubutu. Ɗaya ya yi aiki fiye da yadda aka roƙe shi, na wuni guda, sannan ƙofa ta sake rufewa. Jera su a kan firiji inda kowa zai gani.

5. A asibiti, amsa a taƙaice

Likitar ta danna cikin, ta duba gwaje-gwaje, ba ta ga komai ba.

"Baba, yaya barci?"

"Lafiya lau."

"Akwai abin da ya canja a gida ko wurin aiki kafin wannan ya fara?"

Yaya ya kalli fanka. "Mun canja burodi."

Ta rubuta masa magani, ta ce ya riƙa shan ruwa da yin tattaki, in ya tuna wani abu ya dawo.

6. Mayar da ban-ɗaki ofishinka

Shi ne kaɗai ɗakin da magidanci zai kulle kansa minti arba'in ba wanda zai ce don me. Shiga da buta don shaida. Buɗe famfo sosai. In ka fito ido ya yi ja, kowa zai ɗauka nishi ne.

7. Yi hattara da mai kujera

A nan Yaya ya faɗi. Wata safiya Anti ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar ban-ɗakin.

"Rufe famfon nan, Baban yara. Ina jin ka tun makon jiya."

Famfo ya yi shiru.

"Tafi ki yi aikinki."

"Na gama."

Can ya ce ta bayan ƙofa, "Ko sallama ban yi da yaran makarantar ba. Akwai wata 'yar aji ɗaya da ba ta sauka sai na riƙe mata jaka. Ban san ko sabon direban ya sani ba."

Anti ba ta ba shi haƙuri ba, ba ta yi masa wa'azi ba. Ta ce, "Sai kuma me?" Ya yi ta magana har shinkafa ta kama a tukunya.

Ya koma wurin likita ya faɗi gaskiya, ta haɗa shi da mai duba masu ciwon damuwa. Ba a rana ɗaya cikin ya saki ba, sai da aka yi makonni. Yanzu da safe tattaki yake yi har bakin layi, yaran suna ɗaga masa hannu ta taga. Wata biyu na aiki tuƙuru, kujera ɗaya ta rushe shi.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya kumbura, ko ya rame, ko ya wayi gari yana kuka a gaban famfo, babu hannuna a ciki. Ni ba likita ba ne, agogo nake gyarawa. Masu tambayar yadda aka yi na san hanyar dalla-dalla haka kuwa, ku sha kuruminku. Yau dai kwanana huɗu ban zaga ba, amma nawa na san daga man girki ne.