Ranar da na lashi bangon Alhaji Sidi

Ni fa ko akurki ban taɓa ginawa ba, amma ranar da na ga wani ɗan Sin a nan Guangzhou ya cinna wa wani allon gini na magnesiyam wuta ya ƙi ci, na zama injiniya. Na tambaye shi ko ruwa na yi wa allon illa, ya ce, "Meyo, lawban!", wato babu, maigida. Na kwarara wa allon ruwan gora, ya zame ya wuce. Shi ke nan, bincike ya ƙare.

Alhaji Sidi, mutumin Kumasi mai yi mana lodin kwantena, yana neman abin da zai rufe bayan sitonsa ta waje. Na bugi ƙirji na ce, "Alhaji, saka wannan allon, jikokinka ma za su gada." Ya kuwa saya ya saka.

Sai damshin Guangzhou ya sauko, lokacin da ko tayil gumi yake. Alhaji ya kira ni. Ba a yi ruwan sama ba, amma bango sai hawaye yake, kusoshi sun yi tsatsa, ga dilolin shaddar mutane a jingine.

Maimakon in ba da haƙuri, mamaki ya kama ni: ina ruwan nan ya fito? Na matsa a gaban 'yan kasuwa, na sa harshe na lasa.

"Gishiri!" na ce. Ashe shi ne a cikin allon yake zuƙar damshin iska.

Alhaji ya dube ni ya ce, "To Injiniya, a ƙaro yaji?"

Har yau in na shiga gidan abinci wajen kasuwar Baima, sai wani ya ɗaga murya: "A kawo wa Injiniya tuwo kawai, miyarsa na bango!"