Rigar Malam Jalo a Bayan Jaki

"Lafiya lau, iyali ma lafiya. Kai ne dai ban sani ba ko za ka wuni lafiya, don yau sai ka yi bayani."

Malam Jalo ke nan, tsaye a ƙofar shagon Umara tela a kasuwar Azare, ya ƙi zama. Shi Bafulatani ne, Umara Babarbare, tun suna samari ba sa haɗuwa su rabu ba a tsokani juna ba. Sai dai yau Jalo da damuwa ya zo. Da damina ruwa ya ci wani ƙauye a bayan Katagum, unguwar su Jalo ta tara tsofaffin tufafi, kuma shi ne ya miƙe a masallaci ya ce a damƙa wa Umara ya kai, shi ya tsaya masa.

Umara bai daina taka keke ba. "Bawa ya zo gaida ubangidansa, ko nono bai riƙo ba?"

"Nono ya fi ƙarfinka, je ka ci burabusko. Ina shuɗiyar rigata mai aska biyu?"

"Wadda ka bayar sadaka? Rowar Fulani har ta kai a biyo sawun sadaka?"

"Ita ta biyo ni. Ɗazu na gan ta a bakin kasuwar hatsi. A bayan jaki, Umara! An yi akumari da ita!"

"Ta yi masa kyau?"

"Jaki fa na ce!"

"Na ji. Kafaɗarku ɗaya, shi ya sa ban sha wahalar awo ba."

Jalo ya kutsa cikin shagon, idonsa na yawo. A lungu ya hango buhuna a jingine. Ya cusa hannu ya zaro ƙafar wando, ya sake zaro guntun zane. In wannan magana ta fita, da wane ido zai kalli liman?

"Waɗannan fa? Gwanjo ka buɗe da kayan jama'a? Dama na ga kwanan nan turarenka ya ƙaru."

"Turare gadonmu ne. Kai da shanu suka raina ina za ka sani?" Umara ya tsayar da keke. "Zauna ka ji. Kayan kirki duk an rabe su a gaban mai gari. Da aka zo kan taka, na ɗaga ta sama, wallahi ta cikinta muka hango garin Katagum. Wani tsoho da ruwa ya bari da ɗan wando kaɗai ya duba, ya ce ya gode, zai jira."

"Ƙarya kake! Shadda ce."

"Ta taɓa zama shadda. Irinta suka cika buhunan nan. Aka ce a banka musu wuta, na ce a'a, a bar mini. Mutanen nan ruwa ya tafi da filo da shimfiɗa da akumari. Ni kuma ina da almakashi. Ina yankawa, ina ɗinkawa, duk ranar kasuwa su zo su ɗauka."

"Kyauta? Babarbare?"

"Je ka tambayi mai jakin. Ko jakin, tunda kun saba."

Jalo bai gamsu ba. Ya ɗaga filo ya matsa, ya shinshina, ya leƙa ƙarƙashin tebur, har ya kama bakin rigar Umara ya juya ko zai ga ta wani.

"Sake ni, kada ka shafa mini warin man shanu!"

"To aikin wuyan fa? A jikin jakin ban ga aska ba. Nan na kama ka."

Umara ya jawo wata 'yar riga daga rataye, ta yaro, fara, an ɗora mata aikin wuyan nan tsaf.

"Ɗan mai jakin ba shi da ta sallah. Wuyan ne kaɗai abin arziki a jikin rigarka, kamar yadda hula ce kaɗai abin arziki a jikinka."

Jalo ya juya 'yar rigar gaba da baya, ya ja ɗinkin bai saki ba. Ya yi ta maza, ya ciji leɓe, amma dariya ta ƙwace masa. Ya zauna a kan buhun, ya ciro goro ya jefa wa Umara a cinya.

"Ci, ɗan banza. Akwai wasu wanduna biyu a gida, gobe zan kawo."

"Na jaki ne ko na mutum?"

"Ka fara gwadawa a jikinka, in sun yi maka ka san amsa."