Gajera Ta Cika a Kan Bencin Kafinta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har ya rasa wurin zama, ni kafintan ƙarshen layi, maƙwabcin shagon tela, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da abokan ciniki rasuwar ukuleleta, wadda aka fi sani da Gajera. Ta cika ranar Lahadi da hantsi a kan bencin aikina, tsakanin gwangwanin gam da magagari, tana da wata goma sha ɗaya a hannuna. An saba a ce bayan gajeriyar rashin lafiya. Tata doguwa ce, kuma ni na ɗora mata ita.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, 'yar ƙaramar jita ce mai tsirkiya huɗu, ba ta kai tsawon hannuna ba, launinta kamar na shayin da aka zuba wa madara kaɗan. 'Yata ce ta aiko min da ita a kwali, wata huɗu bayan rasuwar mahaifiyarta. Ita kaɗai Allah ya ba mu. Ina kiranta Uwata, don sunan mahaifiyata ta ci, kuma ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisan yini guda a mota. Tun tana ƙarama da uwarta take hira, ni nawa in gyara mata ƙafar tebur in ɗaure mata akwati. Da uwar ta tafi sai muka gano ba mu iya magana da juna ba. Takan kira ni duk Lahadi bayan la'asar.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, Uwata. Ya aiki?"

"Da godiya."

Daga nan sai ɗayanmu ya ce to, sai an jima.

Ranar da kwalin ya iso na kira ta na ce, "Uwata, wannan abin wasan yaran fa?"

Ta ce, "Ba na yara ba ne, Baba. Ni ma ina da irinta. Duk Lahadi za ka kunna bidiyo in koya maka."

"Da furfurata?"

"Ai ba da furfurar za ka danna ba."

Ina shaida wa duk mai karanta wannan sanarwa cewa marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ta zauna cikin garin katako da ƙurar samfefa ba ta yi tari ba. Idan ana murɗa kunnuwanta ana daidaita ta, takan ce tin, tan, tun, tin, a hankali, kamar mai sallama a gidan surukai. Idan na yi kuskure ba ta tona min asiri da ƙarfi, sai dai ta ce ɗif, ta jira in sake.

Abin da masu kiɗa ke kira kod, wato danne tsirkiyoyi da yatsu a wurare daban-daban lokaci guda, Uwata ta fara ni da wanda ake ce wa C. Yatsa ɗaya kawai yake buƙata. Na danna, na shafa tsirkiyoyin da hannun dama, sai wani sauti mai sanyi ya cika shagon. Na ji keken ɗinkin Tela ya tsaya a bayan bango. Ya leƙo da tef rataye a wuya ya ce, "Maƙwabci, kai ne ko rediyo?" Daga nan na iya F, na iya G bayan fama. Kiran minti biyu ya koma na awa guda. Tana jira in gyara yatsu sai ta hau ba ni labarin ɗakin marasa lafiya, da tsohuwar da ke ɓoye magani a ƙarƙashin matashi, da shugabarsu mai faɗa. A tsakanin F da G ta gaya min akwai wanda ke son ta da aure. Ni ta fara gaya wa. Gajera na kan cinyata a lokacin, ita ce shaida.

Ciwon ajali ya fara ne da wata takarda. Mahaifiyar Uwata tana da wata waƙa da take yi ƙasa-ƙasa idan tana guga, ba ta da baiti, ba ta da suna, hanci kawai take sa mata. Uwata ta zauna ta gano kod ɗinta ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta da hannunta ta aiko min. Ta ce idan ta zo hutu za mu kaɗa tare a ɗakin da ake gugar. Na duba takardar, duk sanannu ne, sai guda ɗaya a daidai inda waƙar ke juyawa. E.

Wuyan ukulele a rarrabe yake gida-gida da 'yan ƙarafa. E na son yatsa ɗaya a gida na biyu, sauran ukun kuma a cunkushe a gida na huɗu, kamar ƙarti uku a kujerar mutum ɗaya. Matashi ma yana shan wuya da shi. Ni kuwa akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Shekara biyu ke nan gaɓoɓin yatsuna na kumbura. Da safe sai na daɗe kafin in iya ɓalle maɓallin riga. Guduma ta sha suɓuce min, na ce gumi ne. Na ɓoye wa Uwata, don na san aikinta, na san abin da za ta ce, kuma shekara arba'in ke nan ban san inda ake zama da rana ba in ba shagon nan ba. Saboda haka idan muna darasi nakan jingina wayar da gwangwanin gam yadda fuskata da hannun dama kaɗai za su fito.

"Baba, gyara wayar in ga hannun hagun."

"Layin ne ba kyau yau, Uwata."

Mako shida na yi ina neman E. Na jiƙa hannu a ruwan ɗumi. Na shafa man zafi har idona na ruwa. Nakan kama yatsun hagu da hannun dama in dasa kowanne a gidansa, amma da na ɗauke hannun don in kaɗa sai su fice, kamar ba nawa ba. Na taɓa ɗaure biyu da zaren da na karɓa wurin Tela. Duk abin da Gajera ke iya cewa shi ne ɗif, wani lokacin ɗif da ɗan kuka a ƙarshe. Aikin mutane ya taru. Kujeru huɗu na wani malamin makaranta suka yi wata guda ba ƙafa.

Tela ya ce, "Maƙwabci, ka tsallake wurin mana. Wa zai sani?"

Na ce, "Ita za ta sani. A daidai nan uwar ke ɗaga murya."

A mako na bakwai ne na yi wa marigayiya ƙazafi. Na ce laifinta ne, tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, shi ya sa suke tauri. Kafinta ne ni, katako ba ya fin ƙarfina. Na sassauta su na sa magagari na rage ɗan katakon da suke hawa a cikinta, wanda makaɗa ke kira jaki. Na ji sauƙi kaɗan. Da na tsaya nan da ba a rubuta wannan takarda ba. Na ƙara ragewa. Sai ta fara zzz, zzz, duk inda na taɓa, har C ɗin da ba ta taɓa yi min gardama a kai ba. Na ce bari in cire jakin in sa masa siririn katako a ƙasa. Wajen ɓamɓarewa hannuna ya goce, fuskarta ta tsage tsawon ɗan yatsa. Wannan ranar Asabar ce da yamma. Na shafa gam, na matse, na rufe shago.

Gam na son yini da kwana cur. Ni ne mai yi wa mutane faɗa idan suka zauna a kan kujera kafin ya bushe. Amma washegari Lahadi ce, kuma ban san me zan riƙe ba idan wayar ta yi ƙara. Da hantsi na buɗe shago, layin shiru, Tela bai fito ba. Na kwance matsin, na ɗaure tsirkiyoyi, na murɗa kunnuwa. Tin, tan, tun, tin. Na dasa yatsuna, na cije leɓe, na shafa.

Ta ba ni E. Duka huɗun suka fita tas, ba ɗif, ba zzz, sautin ya tsaya a iska tare da ƙurar da ke cikin hasken taga. Na ji juyin waƙar nan kamar ana guga a bayana. Ba kowa a wurin. Na ɗaga hannu in sake, sai ta ce ɓas. Jakin ya tashi da rabin fuskarta, tsirkiya ɗaya ta tsinke ta zane ni a kunci. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Ban iya ƙarya ba. Na ɗago gawar da hannu biyu na nuna mata, ina cewa, "Uwata, ki yafe min, na kashe miki ita."

Ta ƙura ido tana kallo. Sai ta ce, "Baba, ajiye ta."

Na ajiye.

"Ɗago hannunka. Duka biyun. Juya su. To, dunƙule."

Na yi iyakar ƙoƙarina. Suka tsaya a rabi.

"Tun yaushe?"

"Kwana biyu ne."

"Baba."

"Shekara biyu."

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta rufe baki da hannu ta ce, "Kuma ni na sa ka mako shida kana murɗe su." Na ce wallahi ba ita ba ce. Ta share ido ta ce ranar Juma'a tana tafe, za ta kai ni wurin likitan ƙashi, kuma daga yau ba guduma ba zarto har sai ya gani. Na ce, "Waƙar fa? Na samu E ɗin, Uwata, sau ɗaya, da kin ji." Ta ce, "Na yarda, Baba." Ban san ko ta yarda ba. Ba ta ce za a sayi wata ba, ni ma ban tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Marigayiya ta bar tsirkiya uku masu lafiya da ɗaya tsinkakkiya, da jaka mai zif, da takardar kod mai tabon man zafi, da 'yar uwarta da ke can garin a hannun Uwata. Ta kuma bar wani tsoho da zai zauna a mota kusa da 'yarsa har asibiti, hannu wofi, bai san da wace magana zai fara ba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gawa na kwance a saman kantar shago, an lulluɓe ta da farin yadi da Tela ya bayar, Allah ya saka masa. Na so in yi mata akwati da kaina, har na auna katako na ja layi, amma na yi wa Uwata alkawari, don haka a kwalin da ta zo za ta koma. Ba za a rufe shi ba sai Uwata ta iso ranar Juma'a ta ga fuskarta. Daga nan za a kai ta saman sif ɗin ɗakin guga, inda za ta kwanta.

Shago zai kasance a rufe daga ranar Alhamis zuwa lokacin da ban sani ba. Masu kujeru da tebura su zo su ɗauki kayansu yadda suke, ina roƙonsu gafara, Tela zai nuna musu wani kafintan. Za a karɓi gaisuwa a bencin ƙofar shago kullum daga hantsi zuwa azahar. Kada kowa ya zo da abin kiɗa. Masu ba ni hannu kuma, don Allah, kada ku matse.