Yadda Ake Auro Mata Da Tsinin Ruwan Hoda

Kai da na'urar NMR mai gwajin sinadarai ta zana wa wani tsini mai launin ruwan hoda, gyara zama. Bi matakan nan za ka yi aure kafin kaka, ba fashi. Awaisu na Tsiga ya bi su.

1. Fahimta, sannan ka manta.
Na'urar kan auna abin da ka zuba mata, ta jera tsinaye a allo, kowane sinadari da gurbinsa. Amma allon na da iyaka. Tsinin da ya wuce iyaka sai ya naɗo ya faɗo ta ɗaya gefen, kamar fasinjan da ya rasa kujera ya zagayo ya zauna a cinyar wani. Manhajar kan shafa wa wurin launi daban don a san baƙo ne. Ka ji? To manta.

2. Ɗauki launin a matsayin barka.
Da Awaisu ya auna man angurya na Funtua ya ga ruwan hoda, cewa ya yi kwamfuta ce ke taya shi murna. Wai ya gano sabon sinadari! Nan take ya raɗa masa sunan budurwarsa Sadiya.

3. Yaɗa kafin a duba.
Mahaifinta, Alhaji Maitama na Maska, da ya rantse ba zai ba marar gona 'yarsa ba, ya ga hoton a waya ya ce, "Ashe yaron nan yana noma, a kwamfuta ne." Aka sa rana. Mata suka fidda anko ruwan hoda sak irin na allo.

4. Kada ka yarda a faɗaɗa allo.
Tsinin gaskiya ko an faɗaɗa yana nan, naɗaɗɗe ne ke gudu. In malamarka ta matsa, ce an ɗauke wuta. Awaisu ya yi sakaci, malamarsa Dakta Bukola ta danna ta faɗaɗa da kanta. Wayyo! Tsinin ya tattara ya koma gurbinsa na man angurya, launin ya goge.

5. Durƙusa.
Ya hau babur sai Maska, ya zube a zauren Alhaji.
"Baba, sinadarin ya ƙaura."
Alhaji ya ɗaga murya. "Hajiya! Tela ya yanka atamfar?"
"Tun yaushe!"
"To tashi, sakarai. Yankakkiyar atamfa ba ta komawa kasuwa."
Daga bayan labule Sadiya ta ce, "Ka gaya wa malamar taka ta faɗaɗa yadda take so, ni ina nan."

Gargaɗi: ban san ka ba, ban ga allonka ba. In ka isa gidan surukai ka tarar tela bai sa almakashi ba tukuna, kai da Allahnka.